Yadda za ka tace ra'ayoyin masu karatu kafin ka shiga jerin littattafan Kay Scarpetta

Ka tambayi mutum goma ra'ayinsu a kan littattafan Kay Scarpetta, labaran wata likitar binciken gawa na marubuciyar Amurka Patricia Cornwell, za ka dawo da amsoshi masu cin karo da juna. Wannan ya ce maka ba a taɓa rubuta labarin binciken kisa irinsu ba, wancan ya ce asarar kuɗi ce da ɓata dare. Sau da yawa dukkansu gaskiya suke faɗa, sai dai kowa da littafin da yake nufi. Jerin ya fara da Postmortem a 1990, ya kai littafi na 28 da Identity Unknown a 2024. A tsawon wannan lokaci bakin da ke ba da labarin ya canza sau biyu, jarumar ta tashi daga gari zuwa gari, ita kanta kimiyyar binciken gawa ta yi nisa da inda take a farko. Saboda haka duk ra'ayin da bai faɗi zamanin da yake magana a kai ba, kada ka ɗora kuɗinka a kansa tukuna.

Fara da sanin zangunan jerin

Zango huɗu ne, kuma kusan duk gardamar masu karatu a kan iyakokinsu take.

Na farko daga 1990 zuwa 2000, littafi goma sha ɗaya, daga Postmortem zuwa The Last Precinct. A nan Scarpetta ita ce shugabar likitocin binciken gawa ta jihar Virginia, ofishinta a birnin Richmond, kuma da bakinta take ba ka labarin. Cornwell ta yi aikin jarida a Charlotte Observer tana ɗauko labaran aikata laifi, sannan ta yi shekara shida a ainihin wannan ofis na Richmond, tana rubuce-rubucen aiki da kula da kwamfuta. Ana jin wannan zama a rubutunta: rigimar kasafin kuɗi, takardun da ake cikewa, 'yan siyasa masu matsa lamba, ƙarar firij a ɗakin ajiye gawa. Postmortem ya kwashi kyaututtukan Edgar da Creasey da Anthony da Macavity, da wata ta Faransa. Cruel and Unusual na 1993 ya ci kyautar Gold Dagger ta Birtaniya. Mutanen huɗu da za ka zauna da su har ƙarshe duk a nan aka kafa su: Scarpetta, ɗan sanda Pete Marino mai kaushin baki, Benton Wesley na hukumar FBI mai nazarin halayen makasa, da Lucy, 'yar 'yar'uwar Scarpetta, wadda ke da shekara goma a littafin farko.

Na biyu daga 2003 zuwa 2009, littafi shida: Blow Fly, Trace, Predator, Book of the Dead, Scarpetta, da The Scarpetta Factor. An karɓe labarin daga bakin likitar an ba wani mai kallo daga waje, yana shiga zuciyar kowa har ta makasa. A Blow Fly babi-babin gajeru ne ƙwarai, wasu shafi biyu ko uku. Scarpetta ta bar kujerarta ta Virginia, ta zauna Florida, ta buɗe ofis nata a Charleston. Mafi yawan masu cewa "jerin ya lalace" a wannan zango suka ajiye.

Na uku daga 2010 zuwa 2016, littafi bakwai, daga Port Mortuary zuwa Chaos. Labari ya koma bakinta, aikinta ya koma Cambridge ta jihar Massachusetts. Da yawa daga cikin littattafan nan a cikin kwana ɗaya ko biyu duk abin yake faruwa, don haka hira da tunani da zargin juna suna cin shafuka masu yawa. Sai aka yi shiru shekara biyar. Na huɗu ya fara da Autopsy a 2021, inda ta dawo Virginia a kan tsohon muƙaminta.

Rubuta wannan a bayan takarda ka ajiye kusa. Duk ra'ayin da ka ji, abin farko shi ne ka sa shi a zangonsa.

Tambayoyi biyu ga kowane mai ra'ayi

Ta wace ƙofa ya shigo, kuma a ina ya tsaya? Wanda ya fara da Postmortem ya bi a jere yana auna kowane sabon littafi da Richmond ɗin da ya saba. Wanda ya tsinci Dust na 2013 a wajen mai sayar da tsofaffin littattafai bai san wancan Richmond ba, ba shi da abin kewa, sai dai zai yi ta tuntuɓe da sunayen da ba a gabatar masa ba. Ƙorafin na farko kewa ce, ƙorafin na biyu ruɗewa ce, kuma babu wanda ya shafe ka a cikinsu sai wanda hanyarsa ta yi daidai da wadda kake shirin bi.

Akwai tarko a makin taurari da ake ba littattafai. Littafin farko kowa ya karanta shi, har da wanda irin wannan labari ba abincinsa ba ne, ya ba shi maki kaɗan ya tafi. Littafi na ashirin kuwa waɗanda suka jure ne kawai suka iso shi: masoya na gani-kashe-ni, da 'yan kaɗan masu karantawa da fushi don sun riga sun saba. Kwatanta makin na farko da na ashirin kamar kwatanta ra'ayin duk 'yan kasuwa ne da na 'yan gida ɗaya. Maki yana da amfani ne kawai tsakanin littattafan da ke maƙwabtaka, misali na shida da na bakwai.

Ga yadda za ka yi a aikace. Ga littafin da kake son saya, tara ra'ayi goma sha biyar: biyar na masu yabo, biyar na masu kushe, biyar na tsaka-tsaki. Zubar da duk wanda bai ambaci ko abu ɗaya da ya faru a littafin ba, domin "ya yi daɗi" da "ya gundure ni" ba su gaya maka komai. Zubar da wanda yake magana a kan marubuciyar maimakon littafin. Wannan yana yawan faruwa da Cornwell saboda Portrait of a Killer na 2002, inda ta ɗora kashe-kashen Jack the Ripper na Landan a kan mai zane Walter Sickert, masana tarihi da yawa suka ƙi yarda. Wasu sun kawo wannan haushi sun sauke a kan Scarpetta, alhali ba ruwanta. Abin da ya rage a hannunka, wataƙila shida ko bakwai, su ne za ka karanta da natsuwa. Na tsaka-tsakin sun fi amfani, domin su ne ke faɗin abin da ya yi da abin da bai yi ba a wuri ɗaya.

Raba ƙorafi gida-gida

Ƙorafin salo shi ne mafi sauƙin gwadawa. Idan an ce maka labarin ya yi sanyi tun da aka raba shi da bakin Scarpetta, buɗe babin farko na Body of Evidence ka karanta shafi biyar, sannan ka karanta shafi biyar daga farkon Predator. Minti ashirin sun isa ka san ko kunnenka ya karɓi sabuwar muryar. Kada ka wuce shafi biyar ɗin, dalili na nan tafe.

Ƙorafin mutane ya fi nauyi, kuma mafi yawansa yana da tushe. Lucy tana da shekara goma a 1990, sha bakwai a Cruel and Unusual, ashirin da ɗaya a The Body Farm na 1994. A shekara huɗu ta yi girman shekara goma sha ɗaya, daga baya kuma shekarun kowa suka kusa tsayawa cak. Ta zama attajira mai tuƙa jirgi mai saukar ungulu, wadda babu kwamfutar da ke gagararta, kuma masu karatu da yawa suna ganin an mai da ita mabuɗin kowace ƙofa: duk inda bincike ya cije, sai Lucy ta danna wani abu a wuce. Marino kuma ya aikata wani mummunan abu a Book of the Dead wanda wasu ba su taɓa yafe wa littafin ba. Idan kai mai karatu ne don mutanen labari, ɗauki irin wannan ƙorafi da muhimmanci. Idan gawa da hujja suka kawo ka, ba zai dame ka sosai ba.

Ƙorafin ƙulli kuma shi ne cewa makashin kullum yana ƙarewa a ƙofar gidan likitar. Wannan gaskiya ne tun daga littafin farko, kuma a ganinmu shi ne rauni mafi girma a jerin gaba ɗaya. Likitan binciken gawa na gaske yana zuwa inda aka tsinci gawa, yana feɗe ta, yana rubuta rahoto, yana ba da shaida a kotu. Farautar mai laifi aikin 'yan sanda ne. Wanda ya yi wannan ƙorafi a kan littafi na goma sha biyar kaɗai, ya manta ne cewa haka abin yake tun asali.

Gwada maganar kimiyya da kanka

Nan ne ake yawan yin shaci-faɗi. Wani zai ce "duk abin da ke ciki gaskiya ne", wani ya ce "ƙarya ce zalla", kuma babu wanda ya taɓa duba ko abu ɗaya. Ba sai ka zama likita ba. Abubuwa kaɗan za ka riƙe, su isa ka auna littafin da mai sukarsa a lokaci guda.

Lokacin mutuwa shi ne ma'auni na farko. Gawa tana fara sandarewa bayan kamar awa biyu zuwa huɗu, daga muƙamuƙi da wuya, ta sandare gaba ɗaya wajen awa goma sha biyu, sannan ta saki bayan kwana ɗaya zuwa biyu. Jini yana gangarawa ya kwanta a ɓangaren jikin da ke ƙasa, ya bar shaida mai duhu da ke fara bayyana cikin rabin awa zuwa awa biyu. A farko idan ka danna wurin da yatsa zai yi fari, bayan awa takwas zuwa sha biyu kuwa ya zauna ke nan. Shi ya sa idan aka tsinci gawa a kife amma shaidar jinin tana gadon baya, an san an juya ta bayan mutuwa. Zafin jiki yana sauka daga digiri 37, a ƙiyasin da aka saba kusan digiri 0.8 a kowace awa, amma a awannin farko yakan tsaya bai motsa ba, kuma ƙiba da tufafi da iska da ruwa duk suna canza lissafin. A ɗakin kwano a Kano cikin watan Afrilu, inda zafi ke haura digiri 40, gawa ba za ta huce ba sam, kuma sandarewa da ruɓewa duk za su yi sauri. Abin da za ka duba ke nan: likitan kirki yana ba da tazara, ya ce tsakanin ƙarfe kaza da ƙarfe kaza. Littafin da likitansa ya kalli gawa ya ce ta mutu ƙarfe biyu da kwata ya yi kuskure. Mai sukar da ya ce likitar ba ta iya aiki ba don ta ƙi faɗin takamaiman lokaci, shi ne bai san aikin ba.

Na biyu, bambancin abin da ya kashe mutum da yadda mutuwar ta zo. Abin da ya kashe shi zai iya zama harsashi a ƙirji. Yadda ta zo kuwa, a takardar shaidar mutuwa ta Amurka gida biyar ne: ciwo ko tsufa, haɗari, mutum ya kashe kansa, wani ya kashe shi, ko ba a tantance ba. Idan likita ya rubuta cewa wani ne ya kashe shi, bai ce an yi laifi ba, wannan hukuncin kotu ne. Masu karatu da yawa suna haɗa biyun, sai su zargi littafi da saɓa wa kansa.

Na uku, alamomin da ake yawan dogara da su. Gawar da aka ciro daga gobara, idan an sami baƙin hayaƙi a maƙogwaro da hanyar numfashi, kuma jini ya nuna iskar hayaƙi mai guba da yawa, mutumin yana numfashi lokacin da wuta ke ci. Idan babu, akwai yiwuwar ya riga ya mutu aka cinna wutar. Riƙe wannan idan ka zo Point of Origin na 1998, domin a kan gobara aka gina shi. A shaƙewa ana duba ɗige-ɗigen jini a farin ido da cikin fatar ido, da wani ɗan ƙashi mai siffar takalmin doki a saman maƙogwaro. Ƙashin nan ba kullum yake karyewa ba, musamman a jikin matasa, kuma ɗige-ɗigen suna fitowa a wasu mace-macen da ba shaƙewa ba. Ƙudaje masu ƙyalli suna iya sauka a kan gawa cikin mintuna, ƙwansu ya ƙyanƙyashe cikin kamar kwana ɗaya idan da ɗumi, kuma girman tsutsa yana nuna mafi ƙarancin lokacin da gawar ta yi a wurin. Cikakken gwajin guba kuwa makonni yake ɗauka a ofishi na gaske.

Na huɗu, kuma shi ne inda aka fi zaluntar tsofaffin littattafan: auna kowane littafi da shekararsa. Alec Jeffreys ya gano hanyar bambance mutane da ƙwayar halitta ta DNA a Jami'ar Leicester a 1984. A 1988 aka yanke wa Timothy Spencer hukunci a Virginia bisa wannan hujja, a kan kashe-kashen mata da suka girgiza Richmond, kuma a wannan gari da wannan yanayi aka rubuta Postmortem. Rumbun DNA na ƙasa baki ɗaya bai fara aiki a Amurka ba sai 1998. Saboda haka a littafin farko, ko an sami DNA ɗin makashi, babu inda za a zuba shi ya fito da suna, sai an kama wani an kwatanta, kuma sakamako makonni yake ɗauka. Dubi abin da likitar ke aiki da shi a madadin haka. Ta kashe fitilar ɗaki, ta bi fatar gawa da hasken leza inci-inci, sai wani abu mai ƙyalƙyali ya riƙa tashi a duk inda hannun makashin ya taɓa. Ga wani wari mai zaƙi-zaƙi da ya bari a ɗaki. Ga kuma matsalar cewa yana cikin mutanen nan, kusan ɗaya cikin biyar, da rukunin jininsu ba ya fitowa a yawu ko maniyyi. Da waɗannan 'yan abubuwa aka yi farautar. Mai karatun da ya ce "me ya hana su duba kyamara ko su bi wayarsa" yana sukar 1990 ne don ba ta zama 2020 ba.

Akwai kuma kishiyar wannan. Wasu hanyoyin da aka yarda da su a lokacin sun faɗi daga baya. Rahoton cibiyar kimiyya ta ƙasa ta Amurka na 2009 ya nuna cewa kwatanta shaidar cizo da kwatanta gashi a madubin ƙara girma ba su da ƙwaƙƙwaran tushe. A 2015 FBI ta amsa cewa masu binciken gashinta sun yi kuskure a shaidarsu a aƙalla kashi 90 cikin ɗari na shari'un da aka sake dubawa. Idan tsohon littafi, na Cornwell ko na wani, ya jingina da irin wannan hujja, marubucin ya bi ilimin zamaninsa ne, amma kai mai karatu ka sani cewa yau lauya zai yi kaca-kaca da ita.

Wani misali da ke nuna yadda suna ke jawo ƙorafi: The Body Farm. Wurin gaskiya ne, fili ne na Jami'ar Tennessee a Knoxville da Dokta William Bass ya kafa, inda ake ajiye gawarwakin da aka bayar don bincike a rana da inuwa da ruwa, ana rubuta yadda suke ruɓewa. A littafin kuwa ɗan ɓangare kaɗan ne ya faru a can: an je ne a gwada abin da ya bar wani tabo a fatar wata yarinya da aka kashe. Wanda ya saya don yana zaton duk labarin a filin yake zai ce an yaudare shi. Wanda ya san haka tun farko zai ga cewa wannan ɗan gwaji yana cikin mafi kyawun abin da ke jerin.

A zango na uku da na huɗu tambayar ta juya. Port Mortuary ya kawo duba gawa da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki kafin a sa wuƙa, abin da ake yi da gaske. Autopsy ya kai har ga binciken gawa a sararin samaniya, likitar tana ba da umarni daga ƙasa. A nan masu cewa an yi nisa da teburin feɗe gawa suna da hujja, kuma kai kaɗai za ka san ko irin wannan na burge ka.

Idan ka ji ana kwatanta Cornwell da marubuciya Kathy Reichs, wadda ta fara jerin Temperance Brennan da Déjà Dead a 1997, tuna cewa sana'o'in biyu daban ne. Scarpetta likita ce mai aiki da tsoka da jini da kayan ciki. Brennan masaniyar ƙashi ce, ana kiranta idan gawa ta ruɓe ko ta ƙone har nama ya ƙare, kuma Reichs da kanta wannan aiki ta yi a Montreal da North Carolina.

Tsarin karatu, da inda ake yin ɓarna

Fara da Postmortem. Idan ka kai shafi na sittin bai riƙe ka ba, jerin ba naka ba ne, domin abin da masoyansa ke so duk yana cikin waɗannan shafuka. Idan ya riƙe ka, Body of Evidence da All That Remains kowanne yana tsaye da ƙafarsa. Daga nan akwai ƙungiyoyi biyu da ba a rabawa. Cruel and Unusual, The Body Farm da From Potter's Field makashi ɗaya ne ya ɗaure su, Temple Gault, kuma na farkonsu yana da ƙulli mai kyau: zanen yatsan mutumin da aka riga aka zartar wa hukuncin kisa ya bayyana a wurin sabon kisa. Black Notice, The Last Precinct da Blow Fly su ma labari ɗaya ne na iyalin Chandonne, har The Last Precinct yana farawa ne daidai inda Black Notice ya tsaya. Mai karanta shi shi kaɗai zai ce ba shi da kai ba shi da gindi, kuma irin wannan ra'ayi yana da yawa.

Ga dalilin da ya sa aka ce kada ka wuce shafi biyar. A Point of Origin wani babban abu ya sami ɗaya daga cikin mutanen huɗu, Blow Fly kuma ya sake juya maganar. Bayanin da ke bayan bangon kusan kowane littafi na baya yana fasa wannan ƙwai a layi ɗaya. Don haka idan kana bi a jere, kada ka karanta bayan bangon duk littafin da ya fito bayan 1998, kuma ka guji ra'ayoyin da aka rubuta a kansu har sai ka iso. In ka sayi da yawa a lokaci ɗaya, jera su da lamba a gefe da fensir ka kife su.

Wajen sayen na hannu, duba abu uku. Shafukan ƙarshe su cika, domin Cornwell tana warware ƙulli da sauri a shafuka goma zuwa ashirin na ƙarshe, kuma su ne ke fara zubewa a tsohon littafi mai bangon takarda. Sunan Scarpetta ya fito a bango ko a bayani, domin marubuciyar tana da wasu jerin, irin su Hornet's Nest da 'yan'uwansa, masu salo daban. Tsofaffin bugu kuma suna ɗauke da Patricia D. Cornwell ko Patricia Daniels Cornwell, mutum ɗaya ce.

Ka kuma san abin da za ka tarar. Ana kwatanta gawa tsirara da yadda ake buɗe ta dalla-dalla, akwai fyaɗe da kisan yara, akwai ashar a bakin Marino, shan giya, soyayyar da ba ta aure ba, da soyayyar jinsi ɗaya a rayuwar Lucy. Ba littattafan da za a miƙa wa yaro ba ne don ya koyi Turanci. Ga wanda ya tashi a inda ake gaggauta suturta mamaci a kai shi makwancinsa, karanta yadda ake riƙe gawa kwanaki ana yanka ta yana da nauyi a zuciya. Abin da ke sassauta shi a zangon farko shi ne yadda Scarpetta ke kare mutuncin mamaci: ba ta yarda a yi wasa da gawa a gabanta, kuma tana ɗaukar kanta mai magana a madadin wanda ba zai ƙara magana ba.

Idan kai ne za ka ba da ra'ayi

Kalma ɗari biyu zuwa ɗari uku sun isa. Layin farko ya faɗi littafin, shekarar fitowarsa, lambarsa a jerin, da waɗanda ka karanta kafinsa. Idan saurare ka yi ba karatu ba, faɗa, kuma ka duba ko cikakke ne, domin akwai tsofaffin faifan saurare da aka taƙaita, mai su bai ji rabin bayanin binciken ba. Sannan ka ɗauki wuri ɗaya da ya yi maka da wuri ɗaya da bai yi ba, ka ambace su da lambar babi, tun da lambar shafi tana bambanta tsakanin bugun Amurka da na Birtaniya. Faɗi gidan da ƙorafinka yake, salo ne ko mutane ko ƙulli ko kimiyya. Idan kimiyya ce, kawo abin da littafin ya ce, da abin da ka sani, da shekarar da aka rubuta shi.

Abin da ya faru a kashi ɗaya cikin huɗu na farkon littafi kana iya faɗa kai tsaye. Abin da ya wuce nan, sa gargaɗi a sama ka bar fili kafin ka rubuta shi. A jeri mai tsawo irin wannan gargaɗin ya haɗa da littattafan baya: idan kana magana a kan Trace, rubuta a layin farko cewa za ka taɓa abin da ya faru a Point of Origin da Blow Fly, don wanda yake littafi na biyar ya tsaya a nan.